Rasuwar Tarakta, Kwamfutar Ɗakin Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da ba makawa, Wendell Hruska na gida mai lamba goma sha huɗu, Layin Maple, a garin Corwin Harbor ta jihar Ohio, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Tarakta. Ta rasu ranar Lahadi, tara ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, a ɗakin ƙasa, na ƙarƙashin gida, inda ta yi kusan dukan rayuwarta. Ta bar duniya tana da shekara ashirin da ɗaya. A bakin aiki ta cika, ana cikin zagaye na uku na wasan ƙwallo, an jefa ƙwallon tana sama ba ta kai ga sauka ba. Babu kowa a kanta sai mai ita.

Matar da ke kula da wannan shafi na jaridar gari ta so ta hana a buga sanarwar, wai shafin na mutane ne. Mai makoki, wato Wendell, ya gaya mata cewa shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙa a garin nan, ya san rabin waɗanda aka taɓa bugawa a shafin, kuma da yawansu ba su kai marigayiya halin kirki ba. Ta karɓa. Amma ba zai ɓoye ba, akwai dalilin da ya sa ya nace sai nan. Akwai mutum ɗaya a garin nan da ba ya karanta komai a jarida sai shafin mutuwa, kowace Alhamis, a kan kujerar ƙarshe ta shagon shan kofi, don ya ga wa ya riga shi. Sunansa Vernon Tomsic, ƙanin marigayiya Lorraine matar mai makoki. Yau shekara bakwai ke nan bai taka gidan nan ba. Mai makoki na fatan zai karanta har ƙarshe, ko da yake ya san shi da gajen haƙuri.

Marigayiya ta shigo gidan Hruska a watan Disambar shekarar dubu biyu da huɗu. Lorraine ce ta kawo ta, da niyyar ta riƙa rubuta wa 'yarsu Colleen wasiƙa, wadda ta yi aure ta tafi Oregon. Mai shagon da ta sayo ta ya haɗa musu da faifan wasan ƙwallo kyauta, ƙwallo irin tamu, ta hular kwano da kafaɗa, wadda ake rungumewa a ruga da ita ƙatti su danne mutum. Ko mako biyu ba a yi ba aka sauko da ita daga teburin kicin zuwa ɗakin ƙasa, kusa da tukunyar ɗumama gida. Lorraine ta sha faɗa wa matan coci cewa wasiƙa uku kacal ta samu ta rubuta a kanta kafin maza su ƙwace. Mai makoki yana ganin huɗu ne, amma ba zai yi musu da wadda ba ta nan ba.

Vern ne ya raɗa mata suna. Ranar da ya fara jin ƙarar fankarta, ya tsaya a tsakiyar matakala da kofi a hannu ya tambaya wa ya shigo da tarakta cikin gida. Sunan ya bi ta ke nan har kabari. In an kunna ta sai ta yi tari sau ɗaya, ƙit, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta ɗauka, gurrrr, ba ta sauke ba sai an kashe ta. Daga nan sai ihun 'yan kallo ya taso, haaaa, mutum dubu sittin a cikin 'yan lasifika biyu masu girman kwalin madara. Akwai kuma mai sharhi a cikinta, bawan Allah da bai san jimlolin da suka wuce arba'in ba a duniya. In aka kayar da mutum sai ya ce, “Kai, wannan ya ji jiki!” In an fara wasa kuwa sai ya ce, “Rana ta yi kyau yau a filin nan,” ko da dusar ƙanƙara na zuba a allon har ba a ganin layi.

Mai makoki ya shaida, kuma zai shaida a gaban kowa, cewa marigayiya mai haƙuri ce. An zuba mata kofi sau biyu. An doke ta da tafin hannu a gefe ba adadi, mafi yawa ba laifinta ba ne. Ba ta taɓa neman sabon abu ba. Faifai ɗaya ta sani, shi ta riƙe shekara ashirin da ɗaya, 'yan wasan da ke hoton kwalinsa har yau samari ne, alhali a waje sun yi tumbi sun yi jikoki. Ba ta da tsegumi, domin tun da jimawa aka cire mata wayar da ke haɗa ta da duniya, saboda haka duk abin da ta gani a ɗakin nan ta tafi da shi. Da sanyi kuma takan hura iska mai ɗumi ta baya, daidai inda mutum zai miƙe ƙafa, abin da likita uku suka kasa yi wa gwiwar mai makoki.

Shekara goma sha huɗu, babu Lahadin da ta wuce ba a yi wasa a kanta ba, sai dai in wani na asibiti. In an taso daga coci, Vern zai faka akori-kurarsa a karkace a bakin gida, ya shigo ta ƙofar gefe ba sallama, ya buɗe tukunyar yayarsa ya sha zagi, sannan ya sauko. Kowa da ƙungiyar da ya gina da hannunsa. Ta mai makoki sunanta 'Yan Wasiƙa. Ta Vern kuwa 'Yan Tasha, don a tashar jiragen ruwa ya yi aiki har ya gaji. Vern ya ƙirƙiri ɗan wasa ya sa masa sunansa, ya ba shi tsawon ƙafa shida da rabi da gudun da babu kamarsa, shi da ko takalmi ya sa bai kai kafaɗar yayarsa ba. Da aka yi masa magana sai ya ce haka yake a zuci. Vern mayaudari ne a wasa, a rubuta wannan. Yana leƙen dabarar da mutum ya zaɓa ta gefen ido, yana zungurin gwiwar hannu daidai lokacin jifa, in ya ga za a ci shi sai ya ce hannun wasansa, wato abin dannawa, ya lalace a yi musaya. Yana kiran mai makoki tsoho mai jaka, mai makoki na kiransa ɗan guntu, kuma a cikin shekarun nan duka ba wanda ya taɓa yin fushin da ya hau matakala.

Lorraine ce alƙalin gaskiya. In abinci ya nuna sai ta buga ƙasan kicin da sandar tsintsiya sau uku, ma'ana a ƙarasa. In ta sake bugawa ba a hau ba, sai ta kashe wutar ɗakin ƙasa daga sama, a bar tsofaffi biyu cikin duhu suna lalube da hasken allo. Saboda haka ƙarshen wasa a gidan nan bai taɓa zama ƙarshen komai ba. Agogo ya kai sifili, a ajiye hannun wasa, a hau a tarar da nama da dankali da kabeji, wanda aka ci ya wanke kwanuka, a zauna ana gardama har rana ta yi sanyi.

Lorraine ta rasu a watan Satumba, shekara bakwai da suka wuce. An buga ta a shafin nan, kuma ba a faɗi rabin abin da ya kamata ba.

Vern bai fasa zuwa ba. Shi ma ba shi da kowa, matarsa ta daɗe da barinsa, yayarsa ce ta rage masa. Amma an daina buga ƙasa da tsintsiya. Wasa na ƙarewa sai ya miƙe, ya ce to, ya lalubi makullinsa a aljihu, ya hau. Sai ƙarar ƙofar gefe, sai ƙarar mota, sai gidan ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai fankar marigayiya.

Wajibi ne a ambaci abin da ya faru a Ranar Godiya, bikin Nuwamba da iyali ke taruwa a ci talotalo, ta shekarar da Lorraine ta rasu, domin marigayiya ce kaɗai shaida, ga shi ta tafi. Colleen ba ta samu zuwa ba. Su biyu suka sayo dafaffen talotalo a kanti, suka ci a tsaye a kicin tun kafin ƙarfe ɗaya, don ba wanda ya iya zama a teburin. Suka sauko ƙasa. Ran nan hannun mai makoki ya faɗa daidai, duk abin da ya jefa sai an cafe, Vern kuwa ko zungurin bai yi ba. Aka shiga zagaye na huɗu, saura minti ɗaya da daƙiƙa goma, 'Yan Wasiƙa na da talatin da takwas, 'Yan Tasha na da goma, ƙwallo kuma na hannun mai makoki.

To, ba sai an gaya wa kowa a jihar nan abin da ake yi a nan ba. In ka yi wa mutum nisa irin wannan, ƙwallo na hannunka, lokaci ya ƙure, sai ka sa mai jifarka ya karɓi ƙwallo ya durƙusa, gwiwa ɗaya a ƙasa, ka bar agogo ya ci kansa. Ka durƙusa sau biyu, a tashi, a yi musabaha. Ba doka ba ce, babu alƙalin da zai hura maka usur in ka ƙi. Amma wanda ya ƙi, ya ci gaba da tara maki a kan wanda ya riga ya faɗi, an san irin gidan da ya fito. Wanda kuwa ya kai ga tsai da agogo don ya samu sararin ƙara wasu, wannan ba a ma zancensa a gaban mata.

Kuma babu wanda ya fi mai makoki sanin abin da wannan ke nufi ga Vern. A shekarar saba'in da ɗaya, Vern na ajin ƙarshe a sakandare, makarantar wani gari da ke gaba da mu ta ci su sittin da biyu da babu, kuma kocinsu ya tsai da agogo saura daƙiƙa ashirin don a ƙara bakwai, mahaifin Vern na zaune a cikin 'yan kallo. Daga ranar har yau Vern bai sake shan mai a garin ba. Ya taɓa tura mota mil biyu da hannu don kada ya sha. Mai makoki ya ji labarin nan ya fi sau ɗari, shi ne ma yake taya shi zagin kocin.

Duk da haka bai durƙusa ba. Ya ruga da ƙwallo yadi huɗu, ya tsai da agogo. Vern ya juyo ya dube shi. Mai makoki ya jefa gajere aka cafe, ya sake tsayarwa. Ya sake rugawa, ya tsayar na uku, wanda shi ne na ƙarshe da doka ta ba shi. Sannan ya ɗaga ƙwallo ya jefa ta har gidan 'Yan Tasha. Mutum dubu sittin suka ɗauki ihu. Arba'in da biyar da goma, saura daƙiƙa tara.

Vern ya ajiye hannun wasansa a kan kujera a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ya miƙe, ya ce, “Mijin yaya, da tana nan yau, da ta ji kunyarka.”

Bai taɓa kiransa mijin yaya ba sai ranar. Mai makoki kuwa, maimakon ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa, sai ya ji bakinsa ya ce, “In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ɗan guntu.”

Shi ke nan. Ƙofar gefe, mota, tsit.

Saura daƙiƙa tara ɗin nan ba a taɓa buga su ba. Bayan an ci, sai an buga wa ɗaya ɓangaren ƙwallo ya karɓa, marigayiya kuwa ba ta iya ajiye wasan da ba a gama ba. Saboda haka mai makoki ya bar ta a kunne, 'Yan Tasha na jere a allo suna jiran mai su ya danna. Kwana goma sha ɗaya ta yi haka, dare da rana, ba ta gaji ba, ba ta yi ƙorafi ba, 'yan kallo na ta haaaa a ƙarƙashin gida. A na goma sha biyu iska ta kayar da itace a kan wayar layin, wuta ta ɗauke. Da ta dawo, wasan ya tafi.

Kada a ce mai makoki bai yi ƙoƙari ba. Ya buga waya sau biyu, ya ajiye kafin a ɗauka. Ya aika katin Kirsimeti shekara uku a jere, da sa hannu, shi da ya san adireshin kowa a garin nan da ka. Ba amsa. A coci Vern ya koma ɓangaren hagu, kusa da ƙofa, yana fita kafin waƙar ƙarshe. In sun haɗu a kanti sai a ɗaga haɓa, kowa ya tura kekensa. Kabarin Lorraine ma sun raba shi ba tare da an yi magana ba: Vern Asabar, mai makoki Litinin, kowa na tarar da furen ɗan uwansa ya gyara masa zama. Kuma a faɗi gaskiya, Vern ma ba waliyyi ba ne. Mutumin da zai tura mota mil biyu saboda abin da aka yi tun yana saurayi, ai ka san riƙonsa ba na wasa ba ne. Colleen ta yi ta fama ta waya, wai Baba, kai da Kawu Vern kun haura saba'in, a kan wasan kwamfuta za ku mutu ba ku magana? Ya ce mata ba a kan wasa ba ne. Ta ce to a kan mene ne, sai ya tambaye ta lafiyar yara.

A shekaru bakwai ɗin nan marigayiya ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Kowace Lahadi bayan coci mai makoki zai sauko, ya zaɓi 'Yan Wasiƙa, ya ba ta 'Yan Tasha ta riƙe. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ya sani. Amma ba ta leƙe, ba ta zunguri, ba ta taɓa cewa a yi musayar hannu ba, wasa da ita kamar cin abinci ba gishiri. Ɗan wasan nan mai suna Vernon Tomsic ya tsufa a cikinta, gudunsa ya ragu, wata rana ta sanar cewa ya yi ritaya. Mai makoki ya zauna ya sake gina shi daga farko, ƙafa shida da rabi, bai rage masa ko inci ba. Sau uku yana yin haka. Kuma duk ranar da ya yi nasara, in lokaci ya ƙure, yakan durƙusa, ko da maki ɗaya ne tsakani. Ya durƙusa ya fi sau ɗari biyu a gaban kujerar da ba kowa a kai. Ya san ba shi da amfani. Kewa ce, ba wani abu ba, kewa mai cin rai, irin wadda mutum zai ji muryar mai sharhi ya amsa masa don dai ya ji ya yi magana da wani a ranar.

Ciwon ajali ya faro ne da bazara. Da farko mantuwa ce: duk sanda aka kunna ta sai ta ɗauka ranar ɗaya ga Janairun shekarar da aka haife ta ce. Mai makoki bai ga laifinta ba, yakan gyara mata kwanan wata kawai. Daga baya tarin nan na farko ya zama uku, wani lokaci biyar. Fankar ta fara wani kuka, gurr-ƙaƙ-ƙaƙ, gurr-ƙaƙ-ƙaƙ. Filin ya koma ruwan hoda na kwana biyu, sannan ya dawo kore da kansa. A watan Oktoba ya kira Darlene Petrak, mai shagon gyara a bayan banki, ta zo har gida ta buɗe cikinta, ta haska da tocila, ta hure ƙurar da ta isa a cusa matashi. Ta nuna masa wasu 'yan gwangwanaye a jikin allon ciki da suka kumbura suna tsiyaya. Ta ce kayan irin wannan an daina yin su tun tana makaranta, a bar ta ta huta, a daina wahalar da ita. Ya tambaya ko za a iya kwashe ƙungiyoyin a zuba a wata sabuwa. Ta ce sabuwa ba za ta gane faifan ba. Ta yi masa tayin wata 'yar siririya mai sabon wasa, wai har zai iya karawa da mutane daga ko'ina a duniya. Ya yi mata godiya, ya ce ba mutanen ko'ina yake nema ba.

Ranar Lahadin ƙarshe ta tashi da tari ɗaya tak, kamar da. Mai sharhi ya ce rana ta yi kyau a filin. 'Yan Tasha na gaba da sha huɗu da goma, mai makoki ya hango ɗan wasansa shi kaɗai a gefen dama, ya jefa. Sai allo ya tsaya. Ihun 'yan kallo ya maƙale a wuri ɗaya, a-a-a-a-a, sannan wani wari ya taso kamar an bar dutsen guga a kan riga. Fankar ta sassauta, ta sassauta, ta tsaya. Ya danna sau goma sha biyu. Bai taɓa sanin agogon bangon kicin ana jin sa daga ɗakin ƙasa ba sai ranar.

Marigayiya ta bar allo ɗaya, mai ƙaton ƙeya, lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abin nunawa. Ta bar lasifika biyu, na hagu ya kurmance tun shekara biyar. Ta bar linzami da faifai, da hannun wasa guda biyu, ɗaya ya goge har ba a ganin rubutun madannansa, ɗayan kuwa an naɗe wayarsa an ajiye, ana share masa ƙura ranar Asabar. Injin buga takarda ya riga ta gidan gaskiya da daɗewa, ba a yi kewarsa ba. Ta bar kujeru biyu. Ta bar Wendell, mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai san abin da zai yi da ranar Lahadi mai zuwa ba, daga sha biyu har dare. Mutuwar ta shige shi fiye da yadda ya dace da dattijo, kuma ya daina jin kunyar faɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, sha biyar ga wata, a filin da ke bayan ma'ajiyar motocin ƙaramar hukuma, inda ake karɓar matattun kayan lantarki sau biyu a shekara. Ba a buƙatar fure. Masu niyyar kawo abinci su bari, firij ya cika da na makon jiya. Allon zai bi ta, don ba shi da kowa bayanta.

Sai dai akwai matsala game da ɗaukar gawa. Matakalar ɗakin ƙasa hawa goma sha uku ce, ga lanƙwasa a tsakiya. Allon kaɗai ya kai nauyin buhun siminti, likitan zuciya kuma ya hana mai makoki ɗaga abin da ya fi galan na madara. Ana buƙatar mutum ɗaya, mai akori-kura. Maƙwabci ya yi tayi, Darlene ma ta yi, an gode musu, an ce musu akwai wanda zai zo.

Daga nan mai makoki ya roƙi mai shafi ta bar shi ya yi magana da bakinsa, ta ce layi biyar, ya ce za a gani.

Vern, ban tsai da agogon nan don in ci mutuncinka ba. Na duba ne na ga saura minti ɗaya, na san in na durƙusa sau biyu za ka ce to, ka lalubi makulli, ka hau, ni kuma in zauna a gidan nan ni kaɗai a Ranar Godiya, da rabin talotalo, ba wanda zai buga ƙasa. Sau uku doka ta ba ni in riƙe ka, na riƙe. Da suka ƙare sai na ci, don in an ci dole a buga maka ka karɓa, ka ƙara minti biyu a kujerar. Abin da ya kamata in ce shi ne ka zauna ka sha kofi. Ban iya ba, sai na zage ka. Na yi kuskure, ka yafe mini. Ba ni da sauran wasan da zan kira ka ka zo ka yi, ta tafi da shi. Hannu nake nema a matakala.

Za a buɗe ƙofar gefe tun ƙarfe takwas na safe. Ana rufe filin ƙarfe goma sha biyu daidai, kuma mutanen wurin ba sa jiran kowa. Idan har lokacin ba a samu mai ɗauka ba, gawa za ta ci gaba da zama a ɗakin ƙasa zuwa karɓa ta gaba a watan Mayu, sannan a sake buga wannan sanarwa.